Ƙirjin da Ya Gaji: Daga Huhun Ƙarfe Zuwa Ƙasar Damargu

A daminar 2018, daga Yuli zuwa Satumba, an samu wasu yara a jihar Damagaram da ƙafafunsu suka saki farat ɗaya. Da aka auna bayan-gidansu sai aka tarar ƙwayar shan inna ce, irin wadda kan rikiɗe daga ta ɗigon rigakafi idan ta daɗe tana yawo cikin yaran da ba a ɗiga wa ba. Gundumar Magarya na cikin wuraren da abin ya shafa, haka ma ta Tanut a ƙasar Damargu. Masu bin sawun ƙwayar suka ce daga Jigawa ta ƙetaro. Aka fito da masu ɗigo gida-gida, aka yi ta maganar ƙafa, kamar yadda aka saba duk sa'ad da aka ambaci shan inna.

Ƙafa ake gani, shi ya sa. Wanda cutar ta shanye wa ƙafa yana nan da ransa, ana haɗuwa da shi a kasuwa bisa keken guragu ko yana dogara sanda. Amma akwai wani lissafi da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana maimaitawa, ba kasafai ake tsayawa a kansa ba: cikin mutum 200 da ƙwayar ta shiga jikinsu, ɗaya ne kan samu shanyewar da ba ta warkewa, kuma cikin kowane 100 na waɗanda suka shanyen, 5 zuwa 10 kan mutu saboda abin ya kai ga tsokokin da ke jan numfashi. Waɗannan ba su kaiwa ga keken guragu. Kwana uku, kwana huɗu, an kai su makwanci, a gida kuma a ce zazzaɓi ne mai zafi, ko a ce iska ce ta taɓa yaron.

Huhu, duk girman sunansa, ba ya jan iska da kansa, jira yake a buɗa shi. Mai buɗawar shi ne shimfiɗaɗɗen tantanin nan da ya raba ƙirji da ciki, wanda duk mai feɗe ragon layya ya san shi, sai tsokokin da ke tsakanin haƙarƙari. Umarnin motsinsu daga ƙwaƙwalwa yake saukowa ta cikin laka, ya bi jijiya, ya tsallake wata 'yar mahaɗa, sannan ya isa tsoka. Ko'ina aka samu tangarɗa a wannan hanya, ƙarshen abin ɗaya ne. Shan inna laka take ci, wata cutar jijiyar take kamawa, wata mahaɗar take toshewa, wata kuma tsokar ce da kanta ke lalacewa saboda gado. Kamar a maƙera ne: ga gawayi, ga wuta, zugazugi lafiya lau, amma mai zuga ya gaji.

Mutanen da can sun san da haka. Jalinusu, wanda malaman ɗibbu na ƙasashen Musulmi suka yi ƙarnoni suna karanta littattafansa, ya yi ta yanke lakar dabbobi a gurbi daban-daban tun ƙarni na 2 na Miladiyya, yana kallon inda numfashi ke tsayawa. In an yanke ƙasa da wuya, haƙarƙari ya daina motsi amma tantanin ƙirji ya ci gaba, domin jijiyarsa daga cikin wuya ta taso. In an yanke can kusa da ƙeya, komai ya tsaya cak. A 1667 Robert Hooke ya nuna wa masanan Landan cewa ana iya riƙe ran karen da aka buɗe wa ƙirji muddin ana hura masa iska ta maƙogwaro. A 1846 John Hutchinson ya auna numfashin mutum fiye da 2,000 da wata na'ura da ya ƙera, ya fito da ma'aunin da har gobe likitoci ke aiki da shi, wato yawan iskar da mutum zai iya fitarwa bayan ya cika ƙirjinsa taf. Sani dai yana hannu. Abin da ya gagara shi ne wanda zai yi hurawar dare da rana har makonni.

Injin ya zo a 1928. Philip Drinker da Louis Shaw na jami'ar Harvard a Amurka suka ƙera wani akwatin ƙarfe mai siffar tanki, a zura mutum ciki kansa kaɗai a waje, roba ta kama wuyansa. Injin ya zuƙe iskar akwatin, ƙirji ya buɗe, iska ta shiga ta hanci; ya saki, ƙirji ya koma. Wata yarinya 'yar shekara 8 aka fara sakawa a asibitin yara na Boston cikin Oktoba na wannan shekara. Ta farfaɗo cikin mintoci, ko da yake bayan 'yan kwanaki ta rasu. Aka sa wa abin suna huhun ƙarfe. Yana da nauyi, yana da tsada, kuma ba ya aiki sai da wuta. A 1937 wani ɗan Ostareliya, Edward Both, ya yi irinsa da katako, attajirin motoci na Ingila Lord Nuffield kuwa ya sa aka ƙera shi da yawa a masana'antarsa, ya yi tayin kyautarsa ga asibitocin Birtaniya da na ƙasashen da take mulka. Wasu sun kwana biyu a ciki sun fito. Wasu ko sun zauna: Paul Alexander na birnin Dallas ya shiga yana ɗan shekara 6 a 1952, ya karanta lauya, ya rasu a Maris na 2024 har lokacin yana dogaro da shi.

A wannan zamanin ne wani magani ya fito daga inda ba a zata ba, kuma asalinsa nan Afirka ta Yamma ne. Mutanen Kalaba suna da wani wake mai dafi da suke ba wanda ake zargi da maita. In ya amayar ya kuɓuta, in ya mutu an ce laifinsa ya tabbata. Masu wa'azin Kirista 'yan Sikotilan suka kai waken Edinbura, inda a 1855 wani malamin ilimin guba, Robert Christison, ya tauna guntunsa don ya ji yadda yake, da ƙyar ya sha, sai da ya kwankwaɗi ruwan askinsa ya yi amai. Daga waken aka tace sinadarin fisostigmin. Shekara kusan 80 bayan haka, a 1934, wata likita mai suna Mary Walker a wani asibitin talakawa na Landan tana duba wata mata mai cutar mayasteniya, cutar da ke toshe mahaɗar jijiya da tsoka, ido ya rufe, haɗiya ta gagara, a ƙarshe numfashi ya ƙi jawuwa. Walker ta lura cewa alamun sun yi kama da na dafin kurare, wanda mafarautan Kudancin Amurka ke shafa wa kibau, kuma an san sinadarin waken Kalaba makarinsa ne. Ta yi wa matar allura. Ido ya buɗe, haɗiya ta dawo na 'yan sa'o'i. Jikokin wannan magani, niyostigmin da firidostigmin, su ake ba masu cutar har yau, kuma ba su cikin magunguna masu tsada.

Sai 1952, shekarar da, a ganina, ta fi kowace muhimmanci ga mutumin Damargu, duk da cewa a Kofanhegan ta ƙasar Denmak abin ya faru. Annobar shan inna ta sauka a birnin. Daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Disamba asibitin Blegdam ya karɓi marasa lafiya fiye da 2,700, fiye da 300 daga ciki ba su iya numfashi ko haɗiya. Huhun ƙarfe ɗaya tak asibitin ke da shi, da wasu ƙananan injuna shida masu kama ƙirji kawai. Cikin mutum 31 na farko da aka sa wa injin, 27 suka mutu. Likitoci suna ganin jininsu ya hau, gumi na keto musu, hankali na gushewa, sai suka ɗauka ƙwayar ce ta cinye ƙwaƙwalwa, ba abin da za a iya.

Babban likitan asibitin, Henry Lassen, ya yarda, ba da son ransa ba, aka kira wani likitan sa barci a ɗakin tiyata mai suna Bjorn Ibsen. Ibsen ya duba takardun mamatan ya ce ba haka ba ne. Waɗannan alamu ya san su daga ɗakin tiyata: alamun gurɓatacciyar iskar kabon ce da jiki ya kasa fitarwa ta taru a jini. Mutanen ba cutar ce ta kashe su kai tsaye ba, numfashin da injin ke ba su ne bai isa ba. Ranar 27 ga Agusta aka ba shi wata yarinya 'yar shekara 12, Vivi Ebert, wadda ta riga ta yi shuɗi. Aka huda mata maƙogwaro aka zura bututu, ya haɗa da jakar roba ya fara matsawa da hannu. Yarinyar ta yi ta kokawa da bututun, iska ta ƙi shiga, wasu likitocin suka fara zamewa don kada a mutu a gabansu. Ibsen ya yi mata allurar barci, jikinta ya saki, ƙirji ya fara ɗagawa da kowace matsa. Da suka dawo suka tarar launinta ya dawo, jini ya sauka. Sannan ya nuna musu abin da ya fi wannan: ya mayar da ita kan tsohon injin ya ƙara mata iskar oksijin, launin fatarta ya yi kyau, amma iskar kabon ta ci gaba da hawa a jininta.

Injin da zai yi matsar babu, sai aka kira ɗalibai. Kimanin ɗaliban likita da na haƙori 1,500 suka riƙa karɓa-karɓa, kowa ya zauna gefen gado awa shida zuwa takwas yana matsa jaka, har aka tara awa kusan 165,000. Akwai lokacin da mutum 70 ke numfashi da hannun wasu a lokaci guda. Mace-mace suka sauko daga kashi 87 cikin 100 zuwa wajen 40, suka ci gaba da sauka. Daga wannan annoba aka samu ɗakin kulawa ta musamman na farko, wanda Ibsen ya buɗe a 1953, da awon iskar jini da Poul Astrup ya inganta, da kuma jakar Ambu, wadda Henning Ruben da Holger Hesse suka fito da ita a 1956, jakar da ke cika kanta da iska in an sake ta, ba ruwanta da wuta ko tukunyar oksijin. Vivi Ebert ta rayu har 1971.

Na daɗe a kan wannan labari ne don darasin nan na oksijin bai tsufa ba. A 1995 likitocin asibitin Mayo a Amurka sun sake nuna cewa ko ɗan oksijin kaɗan aka sa wa mai raunin tantanin ƙirji, iskar kabon na iya hawa har ta sumar da shi. Bayan annobar korona injunan tace oksijin da 'yan na'urorin nan da ake maƙala wa yatsa sun yaɗu a asibitocinmu, kuma alheri ne babba ga yaro mai ciwon huhu. Amma ga wanda tsokarsa ce ta gaza, lambar da ke kan yatsa za ta yi kyau, dangi su yi hamdala cewa ya samu barci, alhali barcin nan na suma ne. Shi abin da yake bukata a tura masa iska ciki a bar ta ta fito.

Allurar Salk ta zo a 1955, ɗigon Sabin ya biyo baya a farkon shekarun 1960, Turai da Amurka suka kai huhun ƙarfe gidan tarihi. Mu kuwa a lokacin ana ɗauka shan inna ba babbar matsala ba ce a ƙasashe masu zafi, tunda ba a ganin annoba irin ta Kofanhegan. Sai a 1977 wani bincike da aka yi a yankin Danfa na Ghana ya rushe wannan zato: aka bi yara masu shekarun makaranta ana duba tafiyarsu, aka samu kusan 7 cikin kowane 1,000 da gurguntar shan inna. Aka yi ta maimaita irin wannan ƙidaya a ƙasashe da yawa, kuma ita ta sa duniya ta farka. Sai dai a dubi yadda aka yi ta: guragu aka ƙirga, wato waɗanda suka tsira.

Likitocin da suka zauna a nan sun ga sauran fuskokin matsalar. A asibitin koyarwa na Ibadan, Farfesa Benjamin Osuntokun ya rubuta a farkon shekarun 1970 kan 'yan Najeriya masu cutar Guillain-Barré da masu cutar lalacewar jijiyoyin motsi, a lokacin da wasu ke cewa irin waɗannan cututtuka na Turawa ne. A Zariya, David Warrell da abokan aikinsa na asibitin Jami'ar Ahmadu Bello sun bi diddigin saran maciji, kuma a 1976 suka bayyana yadda dafin wani maciji mai fasa kai, dangin kumurci da gamsheƙa, wanda masana ke kira Naja haje, ke shanye jiki. Kububuwa jini take tsinkawa, wannan kuwa fatar ido ce ke fara sauka, harshe ya yi nauyi, yawu ya taru, sannan ƙirji ya tsaya, mutum yana ji yana gani. In aka riƙe masa numfashi har dafin ya sake shi, yakan tashi garau. Manomin gero a Damargu ya fi kusa da wannan haɗari fiye da kowace cutar gado.

Mataki na gaba ya faro ne daga wata tambaya mai sauƙi: me ya sa waɗannan marasa lafiya suka fi mutuwa da dare? A 1976 John Newsom-Davis da abokansa a Landan suka nuna amsar. In mutum ya kwanta rigingine, kayan ciki kan danno tantanin da ya yi rauni zuwa sama, ƙirji ya ƙuntata. In kuma ya shiga barcin mafarki, sauran tsokokin taimako duk sukan saki, a bar tantanin shi kaɗai. Don haka gazawar da dare take farawa, watanni ko shekaru kafin ta nuna da rana. Mutum ya tashi da ciwon kai kullum safiya, ya wuni yana gyangyaɗi, abinci ya fita ransa, ya koma barci a zaune ya jingina da bango. In haka ne, ashe ba kowa ke bukatar injin awa 24 da hudar maƙogwaro ba. A 1981 Colin Sullivan a Sidni ya fito da takunkumin hanci don masu minshari mai yanke numfashi, a Faransa kuma Yves Rideau na Fuwatiye da likitocin Liyon suka fara haɗa irin wannan takunkumi da injin hura iska wa masu ciwon tsoka. Zuwa 1990 an samu ƙaramin inji da za a ajiye gefen shimfiɗa, a sa da dare a cire da safe.

Waɗanda suka fi cin moriyarsa su ne yara masu cutar Duchenne, wadda ke kama yaro namiji ɗaya cikin 3,500 zuwa 5,000 a ko'ina cikin duniya. Ana gane ta tun yaro na ɗan shekara uku zuwa biyar: sha-raɓarsa ta yi ƙato kamar ta ɗan kokawa amma ba ƙarfi, in zai tashi daga ƙasa sai ya dafa gwiwa, ya dafa cinya, ya hau jikinsa da hannu. Wajen shekara 12 ya daina tafiya. Ta wajen uwa ake gadonta, kuma wannan magana ce da ya kamata likita ya san yadda zai faɗe ta a gidan da ke da kishiya da uwar miji, domin ba laifin kowa ba ne, sau da yawa ma a jikin yaron canjin ya fara. Likitocin Niyukasil a Ingila sun duba tarihin marasa lafiyarsu a 2002: a shekarun 1960 yawanci wajen shekara 14 suke rasuwa, waɗanda aka sa wa injin dare daga 1990 kuwa suna kaiwa 25. A wannan gari dai, a 2006, aka gwada takunkumin kan manya masu cutar lalacewar jijiyoyin motsi, irin ta masanin nan Stephen Hawking. Waɗanda haɗiyarsu ba ta lalace sosai ba sun samu ƙarin kwana 205, alhali maganin riluzol da aka amince da shi a 1995 wata biyu zuwa uku yake ƙarawa.

Ba duk abin da aka gwada ya yi ba. Faransawa sun gwada sa wa yaran Duchenne injin tun kafin alamu su bayyana, sakamakon da ya fito a 1994 ya nuna ba riba, mace-mace ma sun fi yawa cikin waɗanda aka sa wa. An kuma gwada dasa wayoyi a tantanin ƙirji don a riƙa zaburar da shi da lantarki. Gwaji biyu, na Ingila a 2015 da na Faransa a 2016, duk aka tsayar da su saboda waɗanda aka dasa wa sun riga sauran mutuwa.

Wani ɓangaren da aka daɗe ba a kula da shi ba shi ne tari. John Bach na Niyu Jasi ya yi shekaru yana nanata cewa mai raunin tsoka ba rashin numfashi kan fara kashe shi ba, mura ce: majina ta sauka ƙirji, ba ƙarfin kakaro ta, ta zama ciwon huhu. Akwai injin tari, amma akwai kuma dabarun hannu. A hura wa mutum iska da jakar Ambu sau biyu ko uku a jere yana riƙewa har ƙirji ya cika, sannan mai jinya ya danna saman cikinsa daidai lokacin da zai yi tarin. Masu shan inna na Kalifoniya ma da kansu suka gano wata dabara ta tura iska cikin huhu da harshe da maƙoshi, guntu-guntu, likita Clarence Dail ya gani ya rubuta a 1951.

Zamanin ƙwayoyin gado zan taƙaita shi, don labarinsa ya fi yawa a jarida, amfaninsa gare mu ya fi ƙaranci. An gano ƙwayar Duchenne a 1986, ta cutar shanyewar laka ta jarirai kuma a Faris a 1995. Jaririn da ke da nau'inta mai tsanani ba ya zama, ba ya riƙe wuya, kuma da wuya ya kai shekara biyu. Maganin nusinasan da ya fito a ƙarshen 2016 ya sauya wannan, da gaske, amma da ya fito kuɗinsa dala 750,000 ne a shekarar farko. Zolgensma na 2019, allura ɗaya tak, da ya fito kuɗinsa dala miliyan 2.1 ne, wato sama da sefa biliyan ɗaya. Ilimi ne abin yabo. Ban ga ranar da zai bi hanyar Agadas ya sauka Tanut ba.

Abin da ya iso mu da gaske rigakafi ne, shi ma da jan ƙafa. A 1988, da aka ƙaddamar da yaƙin kawar da shan inna, yara kimanin 350,000 take shanyewa a shekara. Kano ta dakatar da ɗigon daga 2003 zuwa Yulin 2004 saboda zargin an gurɓata shi, kuma wanda ya tuna gwajin maganin Trovan da aka yi kan yara masu sanƙarau a birnin a 1996 ba zai ce tsoron ba shi da tushe ba. Sai dai ƙwayar ta samu hanya ta bazu ƙasashe kusan 20. An cire Nijar daga jerin ƙasashen da cutar ta yi kaka-gida a 2006, ranar 25 ga Agusta 2020 kuma aka bayyana Afirka ta rabu da ƙwayar ta asali. Waɗanda ta riga ta taɓa suna nan, dubbai, kamar su Aminu Ahmad Tudun Wada da ƙungiyarsa ta masu ƙera keken guragu a Kano. Binciken ƙasashen da suka riga mu ya nuna cewa kashi 25 zuwa 40 cikin 100 na waɗanda suka tsira kan fuskanci sabon rauni bayan shekara 15 zuwa 40, kuma wanda bayansa ya karkace ƙirjinsa ya matse, numfashin dare na iya fara gaza masa. Yaran da cutar ta kama a shekarun 1980 da 1990 sun riga sun shiga wannan zango.

Yaƙin shan inna ya bar mana gado guda mai daraja: duk yaron da bai kai shekara 15 ba da gaɓarsa ta saki farat ɗaya, doka ce a kai rahoto, a ɗauki bayan-gidansa sau biyu cikin kwana 14 a aika awo. Wannan tsari ya kai ƙauyukan da mota ba ta shiga sai amalanke. Yawancin yaran da ake samu ba shan inna ba ce, kuma da dama daga cikinsu Guillain-Barré ce, wadda ke farawa daga ƙafa tana hawa sama, ta kai kusan mutum ɗaya cikin huɗu ga bukatar inji, amma mafi yawa su warke in an riƙe su. An gina tsarin ne don farautar ƙwaya, ba don jinyar yaron ba. Ga shi kuwa awon da ake bukata ba ya cin ko dala. Majo, wato babban ma'aikacin jinya a gidan likita, zai iya cewa, "Baba, ja numfashi iya ƙarfinka, ka ƙirga mini a bayyane, kada ka sake ja." Mai lafiya yakan wuce 30 ba wahala, wanda ya tsaya kafin 20, ko wanda ya kai 25 da safe ya koma 15 da la'asar, ba na kwana a ƙauye ba ne. A kwantar da shi a ɗora hannu a cikinsa: in ya ja numfashi cikin ya lotsa maimakon ya taso, tantanin ya gaza. A ce ya ɗaga kai daga tabarma, a ce ya yi tari a ji ƙarfinsa. In yaro ne ƙarami, sai a tambayi uwar, "Iya, kukansa ya rage ƙarfi? Yana ƙwarewa in yana shan nono?"

Daga nan sai hanya. Tanut zuwa babban asibitin Damagaram kusan kilomita 150 ne, ban da tafiyar da aka yi kafin a hau kwalta, kuma jakar Ambu da hannun da aka koya wa matsa ta, sau ɗaya kowane daƙiƙa biyar ga babba, su ne kwatankwacin abin da ɗaliban Kofanhegan suka yi aiki da shi. Amma dole a ƙarshen hanyar a samu gado da inji. A Afrilun 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga injunan numfashi ƙasa da 2,000 a asibitocin gwamnati na ƙasashen Afirka 41. Injin dare na gida kuwa wuta yake so kowane dare ba fashi, kuma mutanen Damagaram da Maraɗi sun ga yadda abin ya kasance da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024. Faifan sola da batir, waɗanda yanzu ke cajin waya a kowace kasuwar ƙauye, sun rage wannan cikas. Ƙurar hunturu da ke toshe matatar injin da takunkumin da ke tsagewa ba mai sayar da wani su ne ba a magance ba.

Cutar da ta fi gaggawa a 'yan shekarun nan ma ba shan inna ba ce. Tun ƙarshen 2022 mashaƙo ya ɓarke a Kano, a 2023 ya tsananta a jihar Damagaram, musamman gundumar Matamaye. Kowa ya san shi da toshe maƙoshi a makon farko, amma dafinsa yana da zuwa na biyu. Yaro ya warke, an sallame shi, ya koma wasa. Wajen mako na uku muryarsa ta koma ta hanci, in ya sha kunu ya fito ta hanci, wato dasashin sama ya shanye. Daga mako na biyar zuwa na bakwai raunin kan iya sauka ga gaɓoɓi da tantanin ƙirji, lokacin da ba wanda ke danganta shi da ciwon maƙoshin da aka manta. Wannan shanyewar tana warkewa gaba ɗaya in yaron ya samu mai riƙe masa numfashi na 'yan makonni, saboda haka uwar da za a sallama da ɗanta bayan mashaƙo tana bukatar a gaya mata tun a bakin ƙofa cewa in murya ta sauya ko ruwa ya fara fitowa ta hanci, ta dawo da shi a ranar, ko da yana tafiya da ƙafarsa.